Gargaɗi ga Masu Gidajen Abinci na Kafanchan da Kewaye: Kada a Haɗa Hypo da Asid Wajen Wanke Tayil

Wannan kira ne na gaggawa ga duk mai gidan abinci a Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa da Kachia da Gidan Waya, da masu otal, da matan da ke karɓar kwangilar girkin biki, da kuma yaran da ake bar wa bokiti da tsintsiya bayan baƙi sun watse. Kada a zuba bilic irin su Hypo ko Jik a daɓen da aka riga aka zuba wa asid. Kada a haɗa su a bokiti guda. Kada a wanke da ɗaya a bi da ɗayan ba tare da an ɗauraye da ruwa mai yawa ba. Idan suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, iskar nan kuwa tana ƙona huhu, tana iya kashe mutum mai cikakkiyar lafiya.

Abin da ya sa ake wannan kira yanzu shi ne watan Disamba ya ƙarato. 'Yan gida suna hanyar dawowa daga Kaduna da Abuja da Jos da Legas, ga bukukuwan aure a jere, ga Kirsimeti, ga bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu. Kowace mai shago tana so baƙo ya shigo ya tarar da daɓe fari fes. A irin wannan lokaci ake yin babban wanki, kuma da dare ake yinsa, ƙofa a rufe, taga a rufe, saboda sanyi da ƙurar hunturu. Sai Madam ta dubi baƙin layin da ke tsakanin tayil, wanda omo ya kasa fitarwa tun damina, ta ce wa yarinya: «Ki haɗa duka biyun, ya fi ƙarfi.» Yarinya ta haɗa, ruwan ya tashi da kumfa, ta ce ai ya fara aiki ke nan. Kumfar nan ba alamar aiki ba ce, guba ce take fitowa.

Abin ya taɓa faruwa a inda ake taƙama da doka da horar da ma'aikata. Ranar 7 ga Nuwamba 2019, a wani reshen gidan abinci na Buffalo Wild Wings da ke garin Burlington a jihar Massachusetts ta Amurka, wani ma'aikaci ya zuba maganin wanke daɓe mai suna Super 8, wanda bilic ne mai ƙarfi, a kicin. Bai san cewa wani maganin mai asid, Scale Kleen, ya riga ya zube a wurin ba. Ruwan ya koma kore, ya kama tafasa. Ma'aikacin ya fita da gudu idonsa na zafi. Manajan gidan, mai shekara 32, ya ɗauki robar jan ruwa don ya tura abin waje. A asibiti ya cika, kuma fiye da mutum goma, ma'aikata da baƙi, suka shiga hannun likitoci. A lura da abu biyu. Ba wanda ya yi niyyar haɗa magungunan nan, a ƙasa suka gamu. Kuma wanda ya mutu shi ne wanda ya tsaya gyara ɓarnar, wanda ya gudu ya tsira. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu a nan haɗarin ya fi nasu, saboda yadda muke wanki. Iskar kulorin ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi, don haka ba ta tashi sama ta bi taga, kwanciya take yi a ƙasa, ta taru a lunguna da ƙarƙashin tebur. Saboda nauyin nan ne sojojin Jamus suka sake ta a Ypres ta ƙasar Beljiyam ranar 22 ga Afrilu 1915, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta gangara cikin ramukan da abokan gaba suke ɓuya. To wane ne yake ƙasa a kicin ɗinmu? Yarinyar da ta sunkuya da gajeriyar tsintsiya, ko ta durƙusa da ɗan buroshin wanki, hancinta bai fi taƙi biyu daga daɓe ba. Madam tana tsaye a bakin ƙofa, warin da take ji kaɗan ne, sai ta ce yarinyar raki take yi. Wani lokaci ma da goyo a bayan mai wankin, ko ɗan ƙaramin yaro yana barci a kan tabarma a gefe. Da kulorin ta taɓa danshin ido da maƙogwaro da huhu, sai ta rikiɗe ta zama asid a cikin jiki. Mai ciwon asma ba ya buƙatar ya shaƙi da yawa kafin numfashi ya sarƙe.

Mutane da dama za su ce su ba sa sayen asid. Suna saye, sunan ne kawai ba a rubuta ba. Maganin wanke masai mai kauri irin su Harpic Power Plus asid ne, kuma gargaɗin kada a haɗa shi da bilic yana jikin robarsa, da ƙananan baƙaƙen da ba mai karantawa. Ruwan da masu sa tayil ke wanke siminti da shi bayan sun gama aiki asid ne mai ƙarfi, kuma ragowarsa takan zauna a sito wata da watanni. Ruwan batir da wasu ke karɓowa daga wurin masu cajin batir ya fi su duka sharri. Sannan ga kayan haɗin gida: tun da aka yawaita koya wa mata sana'ar yin sabulun ruwa da bilic da maganin masai, kasuwanninmu sun cika da ruwaye kala-kala a cikin tsofaffin robobin ruwan sha da na lemo, babu suna, babu bayanin ƙarfi. Sana'a ce ta halal kuma tana rufa wa mutane asiri, amma mai saye ba ya iya bambance mai asid da mai bilic da ido. Ko ruwan lemun tsami da binega, masu sanyin hali, suna sa bilic ya saki kulorin. Bilic kuma idan ya gamu da amoniya, wadda ke cikin wasu magungunan goge gilashi da kuma tsohon fitsarin da ya kwanta a makewayi, wata gubar yake fitarwa daban. Doka ɗaya ce mai sauƙin riƙewa: bilic da ruwan sanyi kaɗai yake tafiya.

Haɗuwar ma ba sai a bokiti ba. Mofar da aka goge makewayi da ita da safe, aka tsoma ta a ruwan Hypo da yamma, ta haɗa su. Magudanar kicin da aka tura asid cikinta, bayan minti goma aka tura bilic, ta haɗa su, kuma iskar za ta dawo ta ramin. Mai aikin safe ya zuba nasa ya tafi, mai aikin dare ya zo bai sani ba ya zuba nasa.

Abin takaicin shi ne duk wannan kasada a banza ake yin ta, domin asid ba ya fitar da baƙin da ake yaƙi da shi. Baƙin layin nan maiƙo ne: manja, man gyaɗa, kitsen farfesu, tururin suya da ya sauka ya daskare, ƙura ta hau kai, ƙafa ta tattake. Asid aikinsa narkar da siminti da farin gishirin da ruwan rijiya ke bari, ba ruwansa da mai. Abin da yake yi shi ne ya cinye fatar saman simintin da ke cike tsagin, sai layin ya yi haske na kwana biyu, mai shago ta yi murna. Amma ya bar simintin da ƙananan ramuka, ya fi da shan maiƙo, cikin mako guda baƙin ya dawo ya fi na da. A sake zuba asid, tsagin ya ƙara zurfi. A haka har ruwa ya sami hanyar shiga ƙarƙashin tayil, ka taka ka ji yana ƙara kamar ba komai a ƙasansa, wari ya ƙi barin kicin, kyankyasai su sami gida. Shi tayil kansa ba shi ne mai rauni ba. Gasasshen yumɓu ne, kuma mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin juriyarsa: kawunan yumɓun da masu haƙar kuza suka fara tonowa a Nok a 1928 sun yi fiye da shekara 2,000 a cikin ƙasa. Ɗan siririn simintin da ke tsakani shi ne abin lallaɓawa, shi kuma ake ƙonawa.

Ɓarnar asid ba ta tsaya a daɓe ba. Tururinsa yana sa ƙarfe tsatsa: ƙafafun tebur, ƙasan firji, kwanon wanke-wanke, da gindin tukunyar gas. Tukunyar gas da ke zaune cikin ruwan asid duk wata, gindinta na ruɓewa a inda ido ba ya gani, wannan wani bala'in ne ake kiwo. Wanda daɓensa tarazo ne ko mabul kuwa, zubawa ɗaya ta isa ta kashe ƙyallinsa.

Ga yadda masu sana'ar suke yi, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A fitar da abinci da tukwane, a ɗaga abin da zai ɗagu, a buɗe ƙofa da taga ko da sanyi ake yi. A share, a kankare daskararren maiƙon da ke gindin murhu da guntun ƙarfe mai faɗi, domin duk abin da aka kwashe a bushe ya rage wa sabulu aiki. Sai a dama omo ko sabulun wanke kwanuka ko maganin narkar da maiƙo a ruwan zafi, a watsa a daɓe ɓangare-ɓangare. Daga nan a jira. Wannan jiran shi ne sirrin aikin gaba ɗaya, kuma shi ne ba mu yi: minti biyar zuwa goma ruwan yana kwance, ba a bari ya bushe ba, kafin a sa buroshi. Sabulu yana buƙatar lokaci ya jiƙa maiƙo ya ɗago shi. Mu kuwa da an zuba sai a hau dirza, in bai fita ba a ce sabulun ba shi da ƙarfi, a tafi neman asid.

Buroshin ya zama mai tauri mai doguwar sanda, wanda za a yi aiki da shi a tsaye. Ko ba don guba ba, bayan yaran nan ma abin tausayi ne. Akwai siririn buroshi na musamman da ke shiga cikin tsagi, in babu shi tsohon buroshin haƙori zai yi a kusurwoyi. Buroshin waya kuwa a bar shi, yana farfasa simintin. Bayan dirza, a ja dattin da robar jan ruwa zuwa magudana, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a sake ja, a bar wurin ya bushe kafin kowa ya shigo.

Mofa ba ta wanke kicin. Tana shafa maiƙo ne daga gindin murhu ta raba wa sauran ɗakin, kuma da yake tsagin ya fi tayil zurfi, nan dattin ruwan yake kwanciya ya bushe. Mofar ce take rina layin baƙi a kullum. In dole sai an yi amfani da ita a zauren cin abinci, a ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, a canza ruwa da zarar ya yi duhu, a wanke mofar a shanya ta a rana. Ta kicin daban, ta zaure daban, ta makewayi daban, kowace a ɗaura mata ƙyalle mai launinta. A kuma rage yawan omo. Wanda ba a ɗauraye ba yana haɗuwa da mai ya zama santsi, ga tayil mai ƙyalli irin na falo da muke son shimfiɗawa har cikin kicin, ga silifas, ga mai ɗauke da tukunyar miya tana tafasa. Duk mai shirin sabon gini ya sa tayil mai kaushi a kicin, ya sa magini ya karkata daɓen zuwa magudana.

Sai an gama wannan duka, daɓe ya fita daga maiƙo, sannan bilic yake da amfani, domin aikinsa kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma datti yana cinye ƙarfinsa. Ba wanda ya ce a daina amfani da shi. Annobar kwalara ta 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,000, kuma gidan abinci mai ƙazanta hanya ce ta yaɗa irinta. Amma da awo ake yi. Bilic mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, kamar yadda akan rubuta a jikin roba, ludayi ɗaya ake zuba wa ludayi 34 na ruwan sanyi don daɓe da tebura. Idan amai ne ko jini ya zuba, ludayi ɗaya a ludayi 6. A haɗa na ranar a ranar, domin wanda ya kwana ya sane. Ruwan zafi yana lalata shi, yana kuma tayar da warinsa. Masu cewa in bai hau kai ba bai yi aiki ba, su sani hawan kan nan nasu huhun ne yake biya.

In da gaske akwai buƙatar asid, misali sabon tayil da siminti ya bushe a kansa, a ware masa ranarsa shi kaɗai, ranar da ba a girki, ba a kuma taɓa bilic. A fitar da tukunyar gas. A jiƙa daɓen da ruwa tukuna don kada tsagin ya sha asid ɗin. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid, domin yana tafasa ya fantsamo fuska. Safar hannu ta roba mai kauri, takalmin ruwa, da tabarau mai rufe gefen ido. Takunkumin ƙyalle irin na lokacin korona ba ya tare kulorin ko tururin asid, kada ya ruɗi kowa. Haka soda ta yin sabulu, wadda wasu ke jiƙawa don maiƙon da ya yi taurin kai: tana narkar da shi, gaskiya ne, amma tana narkar da fata da ido ma, kuma ba a dama ta a tukunyar alminiyam. Likitocin ƙasar nan sun sha ganin yaran da suka kurɓi ruwan soda suna zaton ruwan sha ne, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke, suka yi shekaru ba sa iya haɗiye tuwo.

Akwai wasu ɗabi'u biyu da ya kamata a bari yau. Na farko zuba kananzir ko fetur a ruwan mofa don korar ƙuda da sa daɓe ƙyalli, a ɗakin da ake kunna wuta. Na biyu ɗiga Sniper ko ota-fiya-fiya a ciki saboda kyankyasai. Sniper maganin ƙwarin gona ne, yana shiga jiki ta fata da numfashi, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna na yau da kullum. Abin da ke kiran kyankyaso da ɓera shi ne maiƙon da ke cikin tsagi da magudana. A cire shi, a toshe ramuka, su ragu. Ɓera kuwa a lokacin rani ba abin wasa ba ne, shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa.

Manyan otal da ɗakunan taro sukan ɗauko masu injin. Injin dirza mai juyawa da injin zuƙe ruwa suna aiki mai kyau, musamman na zuƙewar, domin yana ɗauke dattin ruwan daga cikin tsagi maimakon ya bar shi ya bushe. Amma injin feshi na masu wankin mota a yi hattara da shi a cikin ɗaki: yana ɓamɓare tsohon siminti, yana watsa dattin ƙasa a bango da kwanuka, yana tura ruwa cikin soket. Kada a bar mahaɗar waya kwance a jiƙaƙƙen daɓe, kada mai aiki ya tsaya ba takalmi. In an ɗauke wuta aka tayar da janareta, a waje zai zauna, nesa da taga. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha hallaka iyali guda a dare ɗaya a ƙasar nan. Kafin ɗan kwangila ya fara, a tambaye shi sunan kowane ruwa da ya zo da shi, a kuma gaya masa abin da aka zuba a daɓen a ranar. In ya ce sirrin sana'a ne, a sallame shi.

Idan abin ya riga ya faru, aka ji wari mai shaƙe maƙogwaro, ido na hawaye, tari ya sarƙe, ko aka ga ruwan ya yi kore yana kumfa, kowa ya fita nan take, a ɗauki yara a sama, a bar ƙofa a buɗe. Kada a tsaya sharewa, kada a koma ɗauko waya ko kuɗin ciniki. A tsaya ta inda iska ke fitowa, a wuri mai tudu. Wanda ya shaƙa a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi rigingine, a cire masa rigar da ta jiƙe. Ido ko fatar da abin ya taɓa a dinga kwarara musu ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15. Kada a ɗura masa manja, kada a ba shi madara da sunan karya guba, domin gubar a huhu take, ba a ciki ba, kuma mai tari yana iya shaƙe abin da aka ɗura masa. Wanda ya haɗiyi asid ko soda kada a sa shi amai, abin zai sake ƙona hanyar da ya bi.

A kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi. Huhun da kulorin ta ƙona yakan tara ruwa bayan sa'o'i, mutum ya kwanta lafiya lau da dare, kafin asuba numfashi ya gagara. Babban asibitin Kafanchan, ko na Kwoi, ko na Kachia, ko St. Louis a Zonkwa, duk wanda ya fi kusa. A tafi da robobin magungunan in suna waje, ko a faɗa wa likita sunayensu. Kantin magani na unguwa ba shi da iskar oksijin, kada a ɓata lokaci a can.

Masu sayar da kayan haɗin gida, ku manna takarda a jikin kowace roba, ku rubuta da manyan baƙaƙe ASID ko BILIC, da Hausa da Turanci, ku daina zuba su a robar lemo. Masu ajiye garin kulorin na tace ruwa, ku nisanta shi da mai da kananzir, yana iya kama wuta da kansa. 'Yan duba-gari na Jema'a da Jaba da Kaura da Zangon Kataf da Kachia, idan kun shiga zagaye a wannan wata, ku leƙa sito, ku ga abin da ke jere kusa da bokiti. Shugabannin ƙungiyoyin masu abinci, da limamai da fastoci, ku sanar a taronku na wannan mako.

Ke kuma Mama mai shago, yau kafin a tashi, ki tara yaranki, har da sabuwar da aka kawo daga ƙauye don aikin Kirsimeti wadda ba ta iya karatu ba. Ki ɗaga robobin ɗaya bayan ɗaya, ki nuna musu wanda ba ya haɗuwa da wani. Asid ɗin ki kulle shi a wani wuri daban, makullin ya zauna a hannunki.